Iyaka a Bakin Mutane: Ilimin Zamantakewa daga Dantchiao

Ilimin zamantakewa fanni ne da ke nazarin yadda hukuma da kasuwa da makaranta da addini suke tsara rayuwar mutum ba tare da ya lura ba. Auguste Comte ne ya yayata sunan fannin a Faransa a 1838, kodayake tun 1377 Ibn Khaldun ya yi bayanin abin da ke haɗa al'umma da abin da ke rusa ta a Muƙaddima. A 1895 Emile Durkheim ya kafa ƙa'idar da ta fi shafar mu ɗaliban harshe: akwai al'amuran da mutum yake tararwa a cikin al'umma, ba shi ya ƙirƙiro su ba, amma suna tilasta masa. Harshe na daga cikinsu.

A ɗauki Dantchiao, ƙaramar hukuma a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, maƙwabciyar Dungas wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Rubutun sunan kansa shaida ne: "tch" na Faransanci ya zauna inda ƙa'idar Hausa take son "c". Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba dangi, ba ta raba harshe ba, sai dai ta raba hanyar aro. Nan ana cewa lakwal da lokotoro da kamiyo. Kudu kaɗan, a Jigawa, sai firamare da likita da lori. Mai ciniki da ke karɓar naira da sefa a kasuwa guda ya san duka biyun, kuma yakan zaɓi kalma gwargwadon wanda ke gabansa. Wannan zaɓi shi ne tushen nazarin walwalar harshe.

William Miles ya bi wannan hanya a littafinsa Hausaland Divided na 1994, inda ya kwatanta Yekuwa, a nan gundumar Magarya, da Yardaje ta masarautar Daura. Ya fi karkata ga sarauta da siyasa. A ganina ɓangaren harshe yana jiran mu.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wace Hausa ce za ta shiga littafin ɗan makarantar Dantchiao, ta Damagaram da ya tashi da ita, ko daidaitacciya mai tushe a Kano?