Rogo a Tukunyar Mutanen Kongo

Da za a ce mini ranar da na shigo makarantar nan zan zauna ina rubutu kan girkin Kongo, da na yi dariya. Binciken kammala karatu ne ya jefa ni cikin harkar rogo, rogon kuma ya kai ni Kinshasa ban ko yanki tikiti ba. Tunda yawancinmu kwaki ne ke riƙe da mu idan wata ya yi nisa, na ga ya dace in ɗan gutsura muku abin da na samo.

Da farko dai Kongo biyu ce. Akwai babbar, mai hedikwata a Kinshasa, da ƙaramar, mai hedikwata a Barazabil. Kogin Kongo ne kawai ya raba biranen biyu, kuma tukunyarsu kusan ɗaya ce. Turawan Fotugal ne suka kawo musu rogo daga Barazil tun ƙarni na 16, yau kuwa shi ne tuwonsu, shi ne miyarsu.

Miyar ce ta fi ba ni mamaki. Ganyen rogon da mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, su daka shi suke yi a turmi ya yi laushi, su dafa shi ya daɗe a wuta, sannan su zuba manja da albasa da barkono da busasshen kifi. Sunanta pondu, wasu su ce saka-saka. Saiwar rogo kusan sitaci ce zalla, ganyen ne ke da sinadarin gina jiki, ka ga ke nan shuka ɗaya ta ba su tuwo da abin da zai cike giɓinsa.

Tuwon iri biyu ne. Akwai fufu na garin rogo, wanda galibi ake haɗawa da garin masara. Sai kwanga: a jiƙa rogo kwana uku zuwa huɗu, a kirɓa, a naɗe a ganye, a turara. Yana kwanaki bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin matafiya. Ranar baƙi ko biki ana yin mwambe, wato kaza a cikin romon kwakwar manja mai kauri. Akwai liboke, kifi da kayan yaji a ƙunshe cikin ganye a ɗora kan garwashi. Suna ma cin wasu tsutsotsin itace da suke kira mbinzo. Kafin ka yatsine fuska, malam, tuna da soyayyar fara da yaji.

Amma wannan jiƙon na kwana uku ba don ɗanɗano kaɗai ake yin sa ba. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da ke zama gubar sayanayid, kuma jiƙo da shanya da dahuwa ne ke fitar da ita. Idan fari ko yaƙi ya matsa wa mutane, sai su gaggauta, su ci rogon da bai gama jiƙuwa ba, ga babu nama babu wake. Daga nan ake samun cutar konzo, wadda ke sandarar da ƙafafu farat ɗaya, kuma ba a warkewa. Wani likita ɗan Italiya, Giovanni Trolli, shi ya fara bayaninta a 1938 a yankin Kwango. Da yaren Yaka kalmar tana nufin ɗaurarrun ƙafafu, kuma yara da mata masu haihuwa ta fi kamawa. Daga baya wani masani ɗan Ostareliya, Howard Bradbury, ya fito da dabara mai sauƙi: a kwaɓa garin da ruwa, a baza shi siriri a inuwa na awa biyar, gubar ta fice a iska kafin a tuƙa.

Sai batun sha. Yawancin mutanen Kongo Kiristoci ne, kuma giya tana da gurbi a al'adarsu. Bammi, wanda suke kira nsamba ko malafu, yana cikin kayan da dangin ango ke kaiwa wajen neman aure a ƙabilu da dama. A birni akwai nganda, inda ake cin gasasshen akuya da kifi, ana shan Primus ta kamfanin Bralima da aka kafa a 1923, kiɗan rumba na tashi. Akwai kuma lotoko, ɗan'uwan ogogoro, da ake tacewa a gida daga masara ko rogo. Don tsabar ƙarfinsa har lakabin man fetur suka yi masa, kuma idan tacewar ta ɓaci yana iya makantar da mutum ko ya kashe shi. Wanda ba ya shan giya kuwa yana da tangawisi, lemun citta mai yaji, tamkar wanda ake ƙullawa a leda a bakin get ɗinmu.

To ina ruwanmu? Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma guba ɗaya ce a namu da nasu. Don haka idan ka sayi dafaffen rogo da ƙuli ka ji ɗaci a harshe, ajiye shi, kada ka ce ai kuɗinka ne. Kada a ci shi ɗanye, kada a dafa ganyen sama-sama. Idan kwaki ya zama abincin kullum, a daure a jefa gyaɗa ko ƙuli ko a haɗa da wake.

Ni dai na gwada pondu a hutun da ya wuce. Na daka, na bar shi a wuta fiye da awa guda. Inna ta leƙa tukunyar ta ce, "Yanzu duk bokon naka a ganyen rogo ya ƙare?" Da aka sauke, sau biyu ta miƙo kwano.