Renon ƴar kyanwar da uwa ta bari: a fara da ɗumi kafin madara

Duk wanda ya daɗe a Arlit ko Akokan ya san kukan nan siriri da kan fito daga ƙarƙashin matacciyar mota, ko daga cikin tulin tsofaffin tayoyi a bayan gareji. Yara ne kan fara jin sa, su ne kuma kan shigo gida da abin a hannu: ƴar kyanwa wadda ba ta cika tafi ba, ido a rufe, wani lokaci ma da sauran cibiya a jikinta. Uwar gida ta tausaya, ta dama madarar gari da sukari, ta kwantar da ita rigingine kamar jinjirin mutum, ta ɗura mata da cokali. Kafin kwana biyu sai a wayi gari ta sandare, a ce da ma kwananta ne ya ƙare. Kwana na Allah ne, babu ja. Amma sau da yawa sanadin yana cikin wannan taimako da aka yi da kyakkyawar niyya.

Ba abin mamaki ba ne a yawaita tsintar irin waɗannan marayu a garuruwan yuraniyom, domin garuruwa ne na masu zuwa da tafiya. A 1969 aka kafa Arlit a tsakiyar hamada saboda ma'aikatan SOMAIR, wadda ta fara fitar da ma'adini a 1971; Akokan kuma ta tashi tare da COMINAK, wadda ta soma a 1978. Jama'a suka zo daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran sassan ƙasa, aka buɗe kantuna da ɗakunan ajiyar hatsi, ɓera ya samu wuri, kyanwa ta biyo shi. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi mata kwangila, iyalai da dama kuma suka ɗaure kaya suka nufi kudu. To, kyanwa ba ta cikin kayan da ake lodawa a mota. Wadda aka bari takan koma yawon juji, ta haihu inda ta samu, kuma tsakanin mota da karnuka da gubar ɓera, ba kullum take komawa wurin ƴaƴanta ba.

Duk da haka, kada mai karatu ya yi gaggawar yanke hukuncin cewa uwa ta gudu. Kyanwa takan bar ƴaƴanta na awoyi tana neman abinci, takan kuma sauya musu maɓoya tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da baki, ta yadda wanda aka tarar shi kaɗai yana iya zama na ƙarshe ne da ke jiran a dawo a ɗauke shi. Idan ƴaƴan suna barci a dunƙule, jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, a bar su. A barbaɗa toka kewaye da wurin, a kori yara, a dawo bayan awa 3 ko 4. Sawun uwa zai bayyana a kan tokar in ta zo. Sai in jikinsu ya yi sanyi, ko suna cikin rana, ko tururuwa ta fara hawansu, ko an ga gawar uwar, sannan a ɗauka. Kafin a soma wahalar sirinji kuma, a tambayi maƙwabta ko akwai mai kyanwa mai shayarwa, domin sau da yawa takan karɓi ɗan da ba nata ba, kuma babu hannun ɗan Adam da zai yi aikin da take yi.

Abu na farko shi ne ɗumi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ƴar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta da kanta sai ta kai mako 3 zuwa 4. Jikin uwa da na ƴan'uwanta ne bargonta. A makon farko tana bukatar makwanci mai zafin digiri 30 zuwa 32, alhali kuwa a Disamba da Janairu sanyin dare a Arlit kan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu ranaku. Idan jikinta ya huce, hanjinta ya daina aiki. Madarar da aka ba ta a wannan hali ba ta narkewa, sai ta kwanta a ciki ta lalace, ko ta dawo ta shaƙe ta. Saboda haka ka'idar ita ce ba a ciyar da ƴar kyanwa mai sanyin jiki. A taɓa tafin ƙafarta da cikin bakinta. In da sanyi, a sa ta cikin riga, jikinta a jikin mutum, a bar ta ta ɗumama sannu a hankali, ko da za a yi awa guda. In ta yi laushi ƙwarai, ana iya shafa mata ɗigon ruwan sukari a dasashi, iyakarsa ke nan.

Makwancin ba ya bukatar kuɗi: kwali, tsohon zane mai laushi, da kwalbar roba cike da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma a ajiye a gefe guda, domin in zafi ya yi mata yawa ta samu inda za ta matsa. Ana sauya ruwan da zarar ya huce, har da tsakar dare. Kada a kusantar da kwalin ga kaskon garwashi. Ban da ƙuna, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma, balle halitta mai gram 100. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lamarin yakan juya. Ɗakin kwano irin na unguwannin Bukoki tanda ne da rana, busasshiyar iskar Abzin kuma tana tsotse ruwan jiki cikin sauri. A nemi ɗakin ƙasa, a ajiye kwalin kusa da randa, a rataya jiƙaƙƙen tsumma a gefensa. Dasashi mai danƙo da fitsari mai duhu alamu ne na ƙarancin ruwa.

Sai batun madara. Mutane da yawa suna ɗauka madara duk madara ce. Nonon kyanwa ya fi na saniya kauri nesa ba kusa ba: furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 3 cikin 100 ne a nonon saniya, na kyanwa kuwa ya kai ninki biyu ko fiye. Nonon akuya da na raƙuma, duk da darajar da suke da ita a ƙasar Abzin, sahunsu ɗaya da na saniya ta wannan fuska. Ƴar kyanwar da aka dogara da su kaɗai sai ta yi ta sha ba ta ƙiba, zawo kuma ya biyo baya. Mafi muni ita ce madarar gwangwani mai sukari ta teburin mai shayi. Akwai madarar gari da ake yi musamman domin ƴaƴan kyanwa, ita ce ta fi, sai dai ba kayan kowane kanti ba ce, kuma wanda zai yi saƙonta daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000, dole ya samu abin da zai riƙe rai kafin ta iso.

Haɗin da ake yi na wucin gadi shi ne: mililita 250 na dafaffen nonon akuya, ko madarar gari mai cikakken maiƙo da aka dama da tafasasshen ruwa bisa awon da ke jikin gwangwani, a sa gwaiduwar ƙwai 2 ko 3 da ƙaramin cokali na man girki, a kaɗa sosai. Ban da farin ƙwan, ban da sukari, ban da zuma. In akwai firji, haɗin yana kwana ɗaya kawai. In babu, ko wuta tana yawan ɗaukewa, a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, domin ƙwai da madara ba sa jimre zafin Arlit. Kafin a ba ta a ɗumama, a ɗiga a bayan hannu, ya zama ba sanyi ba ƙuna.

Yadda ake bayarwa ya kai abin da ake bayarwa muhimmanci. A sayi sabon sirinji ƙarami a farmasi, a cire allurar. A kwantar da ƴar kyanwar rub da ciki a kan tsumma, kai a ɗan ɗage, kamar yadda take kwanciya a jikin uwarta. Kwantar da ita rigingine shi ke sa madara ta bi hanyar numfashi ta shiga huhu, ciwon huhun da ke biyo baya kuwa da wuya ta tsallake shi. A sa bakin sirinjin ta gefen baki, a riƙa ɗiga ɗigo ɗaya, a jira ta haɗiye. In madara ta fito ta hanci, a dakata nan take. Cikinta ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane gram 100 na nauyinta, don haka a makon farko mililita 2 zuwa 4 sun isa a sha guda, amma duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana. Mutum ɗaya ba zai jure ba. Gidajen da suka saba da aikin karɓa-karɓa na ma'adini, na safe da na yamma da na dare, sun san yadda ake raba irin wannan nauyi. Haka ya kamata a raba shi tsakanin manyan gida, a bar wa yara na rana bisa kulawar babba.

Akwai kuma wani aiki da yawancin masu reno ba su san da shi ba. Har ta kai wajen mako 3, ƴar kyanwa ba ta fitsari ko kashi da kanta, sai uwa ta lashe mata ƙasan ciki. Mai reno zai jiƙa auduga da ruwan ɗumi ya shafa wurin a hankali a duk lokacin ciyarwa, sannan ya goge ya busar. Fitsari ya kamata ya zo kowane karo, kashi kuwa kamar sau ɗaya a yini. Wanda ya bar wannan, ko ya ba da madara mafi kyau, cikin zai kumbura.

Sikeli ya fi ido gaskiya. Ana haihuwar ƴar kyanwa da nauyin gram 100 ko kusa da haka, lafiyayya kuma tana ƙara gram 10 zuwa 15 kowace rana. Tun da aka fara haƙar zinari a Jado da Cibarakaten a 2014, ƙananan sikeli masu awon gram sun yawaita a hannun ƴan kasuwar jihar Agadas. Ko aro aka yi, a auna ta kullum a lokaci guda, a rubuta. Kwana biyu babu ƙari, akwai matsala, sai a nemi likitan dabbobi a ofishin ma'aikatar kiwo. Cibiya takan faɗi cikin kwana 3 zuwa 5, ido ya buɗe tsakanin kwana 7 da 14, kuma ba a buɗe shi da hannu. Ya kamata mai reno ya sani cewa wadda ba ta samu dakashin uwarta a ranar farko ba, garkuwar jikinta ba ta da ƙarfi, tana iya mutuwa ko an yi komai daidai.

Ƙuma tana shanye jinin ɗan ƙaramin jiki har ya ɗashe. A tsince ta da hannu ko da mataji mai ƙananan haƙora. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, kada kuma a yi mata shimfiɗa da gidan sauro mai magani, domin irin waɗannan sinadarai guba ne ga kyanwa. Haka paracetamol: abin da ke sauƙaƙa wa yaro zazzaɓi yana kashe babbar kyanwa ma.

Wani zai ce, a garin da magidanta ke neman aiki, ina amfanin ɓata ƙwai da barci a kan mussa? Tambayar tana da nauyi, kuma babu wanda aka tilasta wa ɗauka. Amma wanda ya ɗauka ya ɗauki amana. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba har ta mutu. Sahabin nan Abu Huraira ma daga ƴar kyanwar da yake ɗauka ya samu laƙabinsa. A lissafin duniya kuwa, duk mai buhunan gero a ɗaki ya san abin da ɓera ke ci a wata.

Daga mako 4 haƙora sun fito, sai a fara gwada mata dafaffen nama ko kifi da aka daka aka haɗa da madararta a faranti, a ajiye ruwa mai tsabta, a riƙa rage sirinji. A lokacin ne kuma take koyon tona yashi. Yashi dai ba ya tsada a Arlit, amma ba kowanne ake shigowa da shi ɗaki ba. A ƙarshen 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun tarar da tarkacen ƙarfe mai tururin yuraniyom a kasuwar Arlit, a Nuwamba 2009 kuma Greenpeace ta auna tururi mai yawa a wasu titunan Akokan, batun da ƙungiyar Aghirin'man ta gari ta daɗe tana magana a kai. Saboda haka a ɗebo yashin daga wuri mai nisa da ramukan haƙa da tsibin sharar ma'adini, mazubinsa kuma ya zama roba ko kwali, ba ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Wannan kariya ce ga yaran da ke rarrafe a ɗakin kafin ta zama ta kyanwar. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Ba kowace kyanwa ce ta Lami ba, mai rashin cizo da yakushi, musamman uwar da ta dawo ta tarar ana taɓa ƴaƴanta. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, kyanwa ma tana ɗaukarsa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum babu magani. Wanda kyanwar titi ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko jiran ya ga abin da zai faru. Ita kuwa wadda aka rena, daga mako 8 tana cin abinci da kanta, ana iya ba da ita ga mai kanti ko mai ɗakin hatsi da ke so. Idan ta cika wata 3 a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin haukan kare, a karɓi takardar shaida a ajiye.