Itacen Girki Ma Yana Ɗaukar Annoba: Jan Hankali Ga 'Yan Fataucin Shanu

'Yan'uwa fatake da dillalai da mahauta, da direbobi da yaran mota masu rakiyar dabbobi daga arewa zuwa nan Duwala. Maganarmu ta wannan fitowa a kan itace take, watau itacen girki da gungume da katako, wanda muke lodawa a motocinmu ba tare da kowa ya ɗauke shi a bakin kome ba. Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da sa da maganar itace? To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa akwai ƙwari baƙi masu kashe itatuwa da suke ta bazuwa a duniya, kuma babbar hanyar tafiyarsu ita ce irin hanyar da muke bi dare da rana.

Abin da bushiya ta koya mana

Duk wanda ya kwana biyu a wannan sana'a ya san labarin bushiya. Ta tashar jirgin ruwa ta Massawa ta shigo nahiyar nan wajen 1887, cikin shanun da aka kawo wa sojan Italiya, kuma kafin shekara 10 ta karaɗe Afirka tun daga ƙasar Hausa da Adamawa har Afirka ta Kudu, ta bar garkuna wayam. Manyanmu kuma ba su manta da dawowarta ta 1983 ba, lokacin da Fulani da yawa suka wayi gari babu ko ɗan maraƙi. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya, bayan doguwar wahala ta allura da tsare iyakoki. Saboda haka ne ba mu musu idan likitan dabbobi ya tsayar da mota ya nemi takardar lafiya, don mun san dabba guda mai ciwo tana iya gamawa da kara sukutum.

To, yadda sa yake ɗauko cuta a jikinsa, haka guntun itace yake ɗauko ƙwaro a cikinsa. Bambancin kawai shi ne sa mai ciwo yakan nuna alama, a ga hawaye ko zawo ko tari, shi kuwa itace shiru yake, ka ɗauke shi ka jefa bayan mota kana ganin busasshe ne, alhali cikinsa gari ne guda na ƙwari da ƙwai da tsutsa.

Ƙwarin da ake magana a kansu

Na farko wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne baƙi, tsawonsa milimita 2, bai fi ƙwayar riɗi ba, wanda masana ke kira Euwallacea fornicatus. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake. An gan shi a Kalifoniya ta Amurka a 2003, sa'an nan a gonakin fiya na Isra'ila a 2009, kana a 2017 aka gano shi a garin Pietermaritzburg na Afirka ta Kudu. Daga nan ya bazu zuwa Johannesburg da Cape Town da kusan dukkan lardunan ƙasar, inda aka same shi a jikin itatuwa fiye da iri 100, ciki har da fiya, wadda mutanen nan ke kira avoka, da zurma, da dangin minjirya. A 2022 masana a can suka ƙiyasta cewa idan aka bar shi, asarar za ta kai rand biliyan 275 cikin shekara 10. A birnin Perth na Ostareliya kuwa, an gano shi a 2021, aka yi ta sare itatuwa ana kashe kuɗi, amma a 2025 hukuma ta ce kawar da shi gaba ɗaya ya faskara, sai dai a rage ɓarnarsa.

Yadda yake kisa abin mamaki ne. Shi ƙwaron ba itacen yake ci ba. Macen ce take huda rami ta shiga can ciki, ɗauke da irin wata funfuna a bakinta, ta shuka ta a bangon ramin kamar yadda manomi yake shuka gona, ita da 'ya'yanta su riƙa ci. Ita wannan funfuna ita ke toshe jijiyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, sai reshe ya fara bushewa ɗaya bayan ɗaya har itacen ya mutu a tsaye. Daɗin daɗawa, 'ya'yan suna barbarar junansu tun suna cikin rami, saboda haka macen da ta fito ta riga ta ɗauki ciki. Ke nan mace guda tak a cikin faskare guda ta isa ta kafa zuriya a sabon gari. Feshin magani kuwa ba ya kai musu sosai, tun da suna can ƙurya.

Na biyu wani kore ne mai ƙyalli, shi ma daga Asiya, da aka gano kusa da birnin Detroit a 2002. Ana kyautata zaton cikin katakon ɗaure kaya ya iso ta jirgin ruwa. Ya kashe miliyoyin itatuwa masu ɗimbin yawa na irin da suke kira ash a Amurka da Kanada. Da fiffikensa 'yan kilomita kaɗan yake ci a shekara, amma masu zuwa shaƙatawa a daji da itacen girki a bayan mota sun riƙa kai shi ɗaruruwan kilomita a wuni guda. Wannan ya sa aka kafa musu ƙa'ida cewa inda ka sayi itace nan za ka ƙone shi, an fi so kada ya wuce kilomita 16, in ya yi nisa ƙwarai kilomita 80.

Na uku ya fi kusa da mu. Shi ne babban ƙwaron masara da ya zo daga Amurka ta Tsakiya, ya ɓulla a yankin Tabora na Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, har mutanen can suka laƙaba masa suna Scania. A 1984 aka same shi a Togo, daga nan ya shiga Binin da Gana da Burkina Faso da Najeriya. Ko da yake an fi saninsa da mai da masara da busasshen rogo gari, asalinsa ƙwaron itace ne, yana zama a cikin busassun rassa da sandunan rumbu, ya jira sabuwar kaka. Waɗanda suke lodin masara a motar da ta sauke shanu su lura da wannan.

Wanda yake ganin itatuwan arewa sun fi ƙarfin baƙon ƙwaro, ya tambayi dattawan Marwa da Kusiri da Maiduguri abin da ya sami darbejiya a tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye, ɗan asalin Asiya, ya afka wa darbejiyar yankin tafkin Cadi, ganye ya yi ta ƙonewa yana zuba.

Me ya sa Duwala, me ya sa mu

Irin waɗannan ƙwari galibi ta tashar jirgin ruwa suke shiga ƙasa, cikin katakon da ake ɗora kaya a kai, wanda ake kira palet, da akwatunan injuna. Tashar Duwala kuwa ita ce ƙofar Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Palet ɗin da ya karye ba a yar da shi, sai ka gan shi a New Bell an tara ana sayarwa tare da ragowar katakon injin yanka da itacen matanda na bakin kogin Wuri, mata su saya su yi girki, masu tsire su kai tukuba, wasu su yi rumfa ko shingen tumaki a wajen Kasuwar Awaki. Idan an ƙone shi nan take, magana ta ƙare. Matsalar tana farawa ne ranar da itacen ya hau mota.

Mu duba tafiyarmu. Daga Ngaundere zuwa Duwala ta jirgin ƙasa wajen kilomita 885 ne, ta mota kuma akwai masu tasowa tun daga Garwa da Marwa da Cadi, akwai masu wucewa Kye-Ossi su shiga Gabon da Ikwatoriyal Gini. Mota ba ta komawa wayam. In an sauke shanu a Bonendale, sai a yi lodin katako ko goro ko ayaba, yaran mota su tsinci itacen dafa shayi da abinci a hanya, sandunan da aka kakkafa don raba dabbobi a cikin mota su ma a koma da su. Abin da ya rage sai a watsar a kara, ko a kai gida a jingine a gindin mangwaro. Haka nan masu zuwa daga arewa suke sauko da nasu. Cikin kwana 3 ko 4 itacen kurmi ya kwana a Sahel, tafiyar da ƙwaro ba zai taɓa yi da kansa ba.

Abin da za mu rasa kuwa ba ƙarami ba ne. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, 'ya'yan gawo da ganyensa, da sassaben maɗaci da kawo da madobiya, su ke riƙe da shanun da muke saye. Inuwar da ake cinikin miliyoyi a ƙarƙashinta a karar Marwa ko Mubi ta darbejiya ce. Gawon da ya yi shekara 40 kafin ya kai haka, in ya mutu ba mai mayar mana da shi a zamaninmu, kuma saniyar da ta rame a bazara mu ne za mu ji a aljihunmu.

Alamun da za a duba

Kafin ka sayi itace ko ka loda shi, juya shi ka duba. Ana neman 'yan ƙananan huji zagayayyu kamar bakin biro, da gari mai laushi kamar na dawa yana zubowa daga ciki ko ya taru a ƙasa. A jikin itace mai rai akan ga tabo baƙi mai danshi kewaye da hujin, ko ƙaro yana tsattsafowa, a jikin fiya kuma wani farin abu kamar sukari. Idan aka faskara, sai a ga ramuka baƙaƙe sun ratsa ciki. Itacen da rassansa na sama suke bushewa alhali damina ce, shi ma abin tuhuma ne.

A jikin palet kuma akwai hatimi. Tun 2002 aka yi yarjejeniyar duniya cewa katakon ɗaure kaya sai an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, a buga masa haruffan HT, ko a turara shi da wata iskar guba a buga masa MB. Wanda ba shi da hatimi ko kaɗan shi ne abin tsoro, a ƙone shi da wuri. Wanda aka yi wa fenti ko ya jiƙe da mai ko maganin kamfani, kada a gasa nama da shi.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, inda aka sayi itace nan za a ƙone shi. Yaran mota su sayi daidai na zango guda, wanda ya rage a cinye shi a wuta kafin a tashi, ko a bar wa mai shayin wurin. Kuɗin sabon dami a gaba bai kai na buhun dusa ba.

Na biyu, sandunan raba dabbobi kada su ƙetare daga kurmi zuwa arewa ko daga arewa zuwa kurmi su zauna. In sun gama aiki a ba mahauta su yi babbaka da su a ranar. Mai hali ya sa a yi masa na ƙarfe, ya huta. A share bayan mota sarai, garin katako da ɓawo da ƙirare duk a tara a ƙone.

Na uku, wanda ya fi son ya tafi da makamashi ya ɗauki gawayi, domin wutar da ta mai da itace gawayi ba ta barin ƙwai ko tsutsa da rai. Ɓare ɓawo yana rage ƙwarin da ke zama a ƙarƙashinsa, amma bai isa ga mai shiga can ciki ba.

Na huɗu, itacen da aka ga alama a jikinsa kada a ajiye shi, kada kuma a jingine shi a gindin itace mai rai. A faskara shi ƙanana a fara ƙone shi, ya ci har ya zama toka, don gungumen da ya ƙone rabi cikinsa yana iya zama lafiya lau. A arewa, in ya yi yawa, ana iya lulluɓe shi ruf da farar leda mai kauri a tsakiyar rana, a danne gefe da ƙasa, a bar shi aƙalla mako 6 a zafin bazara, da sanyi kuwa sai ya yi wata 6. Nan Duwala, inda ruwan sama yake kai kusan mita 4 a shekara kuma hadari ba ya rabuwa da sama, wuta ita ce abin dogara. Sai dai a kiyaye, New Bell gidaje ne a cunkushe, da yawa na katako, kada wani ya tara tsibi ya cinna a lungu. A rarraba wa masu tukuba da gidajen burodi na kusa su ƙone a murhunsu. Adda da gatarin da aka yi aikin da su a wanke su da ruwan bilic kafin a taɓa wani itace.

Na biyar, wanda ya ga itatuwa suna mutuwa a jere da irin waɗannan alamu, a kara ko a zango ko a unguwa, ya sanar da malaman daji ko ofishin ma'aikatar gona mafi kusa, ya kai musu guntun itacen a ɗaure cikin leda. Hukumar Tarayyar Afirka mai kula da lafiyar tsirrai ma a Yawunde ofishinta yake, don haka rahoto ba shi da nisan tafiya.

Muna roƙon sarakunan zango da sarakunan pawa da shugabannin direbobi su karanta wa waɗanda ba su sami wannan takarda ba, musamman yaran mota, tun da su ke tsintar itace. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ga shi kuwa mun ga abin da ya sami Afirka ta Kudu cikin 'yan shekaru. Allah ya tsare mana dukiyarmu da dazuzzukanmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.