Romon kifi don abincin dare

A ƙasar Nijar ana kamun kifi a wurare da dama: a kogin Kwara wajen Yamai da Gaya, a tafkin Madarunfa kudu da Maraɗi, da tafkin Tabalak a jihar Tawa. Masunta suna kamo karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, su kawo su kasuwa.

Kifi abinci ne mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake. Yana taimakon yara su girma. Ba ya da wuyar narkewa a ciki, ba ya kuma cin itace da yawa, don yana nuna da wuri.

Amma kifi ba ya jimre zafi. Wanda aka kama da safe, in aka bar shi a rana, kafin la'asar ya fara lalacewa. Ruɓaɓɓen kifi kuwa yana sa amai da zawo. Saboda haka uwar gida takan duba shi da kyau kafin ta biya kuɗi. Kifi mai kyau idonsa garau yake, ba ya faɗawa ciki. In aka ɗaga marfin kunnensa, sai a ga wurin ja. In aka danna jikinsa da yatsa, naman yakan taso nan da nan. In yana wari, a bar shi ko da yana da araha.

Da an kawo shi gida sai a gyara shi. A kankare ɓawon karfasa da wuƙa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai yauƙi. Ana cuɗa ta da toka ko lemun tsami har yauƙin ya fita. A tsaga cikin a hankali, a fid da hanji, kada madaci ya fashe ya sa naman ɗaci. A wanke da ruwa mai tsabta, a yanka gunduwa-gunduwa, a sa gishiri da ruwan lemun tsami.

Don mutum 5, kifi kilo 1 ya isa. A jajjaga albasa 2, tumatir 4, tattasai 2, da tafarnuwa da tonka kaɗan. A soya su da man gujiya cokali 3. A zuba ruwa rabin lita, a sa daddawa da citta. In ya tafasa, a jera kifin a ciki, a rage wuta, a rufe tukunya. Ba a juya shi da ludayi, don kada ya farfashe. Girgiza tukunyar ake yi. Ana iya ƙara ganyen zogala. Bayan minti 15 zuwa 20, naman ya yi fari har ciki, yana rabuwa da ƙaya. To, ya nuna.

Ana cin romon da shinkafa ko da tuwo, tun yana da zafi. Babba shi ke cire wa ƙaramin yaro ƙaya, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ba shi.

Tambayoyi
1. A ina ake kamun kifi kusa da garinku?
2. Yaya ake gane kifin da bai lalace ba?
3. Don me ba a juya kifi da ludayi?