Na'urar Gano Kifi Da Na'urar Taswira: Wace Ce Ta Dace Da Jirgin Masunci?

Malaman makaranta da akawuna su ne mutanen ƙauye kan kawo wa takarda su karanta musu, su ne kuma akan yi shawara da su in za a sayi wani abu mai tsada. To, ga wasu na'urori biyu da ake yi wa masunta talla, ya kamata malamai su san aikinsu tun kafin wani Basarke ya zuba kuɗin sun shekara guda a kansu.

Ta farko ita ce na'urar gano kifi. Tana da wani ɗan ƙarfe da akan ɗaura a gindin jirgi cikin ruwa, mu kira shi kunne. Shi kan aika da ƙara zuwa ƙasan ruwa, sa'an nan ya saurari amsa-kuwwa. Ƙara na tafiya cikin ruwa kusan mil guda a sakan ɗaya, saboda haka da lissafin lokacin da ta yi kafin ta komo na'urar kan san zurfi, ta zana shi a allo. Kifi kuwa jakar iskar da ke cikinsa ce ke tona masa asiri, don ita ta fi mayar da ƙara. Wasu 'yan'uwa biyu na gidan Furuno, a lardin Nagasaki na ƙasar Japan, su suka fara yinta don sayarwa a 1948.

Amma fa a lura da wannan lissafi, gama a nan maganar take. Ƙarar ba ta bazuwa ko'ina, tana sauka ne kamar mazurari a kife, kuma a yawancin ƙananan na'urori faɗin abin da take gani kashi ɗaya ne cikin uku na zurfin ruwan. Watau in zurfi ƙafa 9 ne, wurin da ake gani bai wuce ƙafa 3 ba, bai ma kai bakin birgi ba. Ga shi kuwa ruwayen da ke kusa da Dogon Daji, wato Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal, da Gulbin Zamfara a wajen Kebbe, da tafkunan fadama, da rani ba su da wani zurfi. Inda gwangwala ke taɓa ƙasa, ita kanta ta isa ma'auni. Har wa yau tarwaɗa, wadda ke kwance cikin laka, da wuya na'urar ta rarrabe ta da ƙasa, ciyawar ruwa kuma kan cika allon da ƙarya. A ganina wanda iyakar sunsa ke nan, gara ya sayi kalli da ƙugiyoyin mamari, ya gyara kwalekwalensa.

Maganar ta sha bamban ga waɗanda kan tafi cin rani Yawuri da Tafkin Kainji. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya kwanta tsawon fiye da mil 80, ya haɗiye tsohon garin Busa da ƙauyuka da itatuwa da duwatsu. Zurfinsa a wasu wurare ya fi ƙafa 100, kuma yakan ja baya wajen ƙafa 30 a shekara ya sāke cika. Kututturen da aka bi ta kansa lafiya a watan Janairu, shi ne zai huda jirgi a watan Yuli. A irin wannan ruwa na'urar gano kifi na da amfani ƙwarai, tana nuna tsohuwar hanyar kogi, da gurbi inda giwan ruwa ke zama, da garken ƙananan kifi.

Ta biyu, na'urar taswira, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam, aƙalla huɗu a lokaci guda, ta nuna inda jirgi yake a kan taswira. Tun watan Mayu 2000, da Gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon ga farar hula, kuskurenta bai wuce 'yan yadudduka ba. Sai dai kamfanoni irin su Garmin da Lowrance sun fi ƙoƙari a kan taswirar teku da tafkunan Turai da Amurka. Kada a biya kuɗi sai mai sayarwa ya kunna ta ya nuna Kainji da zurfinsa a allo. In shuɗin fili kawai aka gani, to, taswirar ba ta da labarin kututture ko ɗaya. Abin da ya rage na amfaninta shi ne mutum ya sa wa wuri alama da kansa: ga inda ya shimfiɗa kalli, ga dutse, ga hanyar komawa tasha cikin hazo ko da dare. Wannan kuwa wayar hannu mai GPS tana yinsa, ko babu layin kira, muddin an sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga.

Kada kuma a ɗora mata abin da ba nata ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, a watan Mayu 2021, da mutane masu yawa, lodi ne ya yi masa yawa, ba ɓata hanya ya yi ba.

Wanda ya ƙudura zai saya, ya nemi ƙarama mai haɗe da aikin biyu, mai allo kamar inci 5 wanda ake iya karantawa cikin hasken rana. Ya tambaya ko ana samun kunnen da wayarsa daban, don su ke fara lalacewa. A ɗaura kunnen a waje, gama katako ba ya barin ƙara ta ratsa shi sosai. Tana kuma bukatar batir mai ƙarfin bolt 12, da faranti mai ɗaukar hasken rana da zai cika shi, a sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Masunta biyar ko shida da ke fita tare na iya yin karo-karo su sayi guda, su ba ta wanda ke jan gaba, tare da wani tsoho da ya san ruwan, ya riƙa faɗin sunayen wurare ana sa musu alama.