YADDA AKE GANE FIRAMARE MAI KYAU A ƘAUYE

Ya ɗan'uwa mai karatu, sau da yawa za ka ga makarantun firamare biyu na gwamnati a ƙaramar hukuma ɗaya, manhajarsu ɗaya, mai biyan albashinsu ɗaya, amma ɗan aji huɗu na wannan yana karanta wa kakarsa wasiƙa, ɗan aji shida na waccan kuwa sunansa ma sai da ƙyar yake rubutawa. To, ta yaya uba zai bambance su tun kafin shekara shida ta ɗansa ta tafi a banza?

Da farko mu san tushen abin. A 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Kowace jiha tana da hukumar SUBEB, kowace ƙaramar hukuma tana da sakataren ilimi. Ke nan a takarda makarantun nan duk ɗaya suke. Bambancin yana zuwa ne daga wajen aiki: malamai sun fi son a tura su kusa da gari, masu duba makarantu kuma sun fi leƙa ta bakin titi, musamman da damina in hanya ta lalace.

Kada fenti da sabon kwano su ruɗe ka, domin ba gini ne ke koyarwa ba. Ga abubuwa biyar da za ka auna:

Na farko, malamai. Tambayi hedimasta malamai nawa ne a rubuce, sannan ka ƙirga waɗanda ke cikin aji. Ka je ranar kasuwa, ba tare da ka sanar ba. Ƙaramar shaidar da aka yarda a koyar da ita ita ce NCE, amma takarda kaɗai ba ta wadatarwa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100.

Na biyu, yawan yara a aji. Tsarin ilimi na ƙasa, bugun 2004, ya ce malami ɗaya ga yara 35. In ka tarar da yara ɗari a gaban malami guda, ka sani na baya hayaniya kawai suke ji, kuma babu mai duba littattafansu.

Na uku, shi ne ma'auni mafi girma: me yaran suka iya? Samu 'yan aji huɗu guda biyar daga kowace makaranta, kada ka bari a zaɓo maka. Ba su shafi ɗaya na Magana Jari Ce su karanta, ka tambaye su abin da labarin ya ƙunsa, sannan ka ba su lissafin ɗebewa, kamar 52 a ɗebe 17. Ka lura, yaro yana iya rera abin da ke kan allo da ka alhali bai san baƙi ko ɗaya ba. Saboda haka nuna masa kalma daga tsakiyar shafi.

Na huɗu, rajista. Dubi sunaye nawa ne a aji ɗaya, nawa ne a aji shida, musamman 'yan mata. In an fara da sittin an ƙare da goma sha biyar, akwai inda makarantar ke yoyo. Dubi kuma watannin shuka da girbi, ka ga yadda zuwan yara yake.

Na biyar, ruwan sha, makewayi da nisa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna inda babu makewayin mata ba, ƙaramin yaro kuma in tafiya ta yi masa yawa, gyangyaɗi zai yi a aji.

Wataƙila ka ce, "Malam, mu ai makaranta ɗaya ce a garinmu, ina amfanin kwatantawa?" Amfanin shi ne ka san abin da za ka nema. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya ƙunshi hedimasta, iyaye, mata da wakilin mai gari. Ku kai masa abin da kuka gani da adadinsa: malamai kaza a rubuce, kaza muka tarar. Daga nan a rubuta wa sakataren ilimi, a ajiye kwafi. Ƙorafi mai lissafi ya fi wuyar turewa a kan surutun bakin kasuwa.

Ku kuma ɗalibai, ku kai wa iyayenku wannan shafi, wanda bai iya boko ba ku karanta masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.