Darasi a cikin waya: Yadda za a tsara karatun intanet da zai isa Kakangi

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu a duk faɗin Najeriya, gwamnatin jihar Kaduna kuma ta koma koyar da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ta rediyo da talabijin. A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Birnin Gwari, ba a maido su ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Tsakanin wannan da wancan, ga ’yan bindigar daji da suka sha tare hanya suna hana zuwa makaranta. Ɗalibin Kakangi ya san abin da ake nufi da zangon karatu ya wuce ba a ga allo ba.

Amma jarrabawa ba ta jiran kowa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma gwaji ɗaya ake yi wa ɗan Kakangi da ɗan Legas. Shi ya sa mu ɗaliban jami'a da ke haɗa wa ƙannenmu darussa a waya muke ganin ya kamata ku ma ku san yadda ake tsara su, domin gobe ku ne za ku karɓe mu.

A fara da wayar mai karatu

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai a tambayi kai: wace waya ce darasin zai sauka a ciki? A ƙauyukanmu sau da yawa wayar yaya ce ko ta baba, ana ara da dare, cajinta a shago, sabis kuma sai an nemi tudu. Data ma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025.

Saboda haka darasi ya zama gajere, na minti goma, mai manufa ɗaya. Misali: "Bayan wannan darasi za ka iya zana tantanin tsiro ka sa wa sassansa suna." Daga nan bayani, sai misali daga abin da ɗalibi ya sani, kamar ganyen masarar gonarsu, sai tambayoyi biyar. Amsoshi su zo washegari, don kada ido ya riga ƙwaƙwalwa.

Wane irin hoto?

Hoto ne ya fi cin data bayan bidiyo. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait 3. Darasi mai hotuna goma ya zama megabait 30 ke nan. Idan aka rage faɗin kowanne zuwa ɗigo 800, nauyinsa na iya sauka zuwa kusan kilobait 100, darasin duka ya koma megabait ɗaya, kuma a fuskar waya ba za a ga wani bambanci ba. Bayan rage girma, sai zaɓen nau'i.

JPEG, wanda ya fito a 1992, yana rage nauyi ta hanyar zubar da ƙananan bayanan da ido ba ya lura da su. Ya dace da hoton da kyamara ta ɗauka: ganye, ƙashi, bishiyoyin dajin Kamuku. Amma idan rubutu ne ko lissafi, yakan dusashe bakin haruffa, har 3 ta yi kama da 8.

PNG, na 1996, ba ya zubar da komai. Shi ne na zane da taswira da jadawali, inda launuka kaɗan ne kuma layi ke buƙatar fitowa tas. Idan aka sa masa hoton kyamara kuwa, sai ya yi nauyi.

GIF, na 1987, launuka 256 kawai yake ɗauka, amma yana motsi. Zai iya nuna yadda jini ke zagaya zuciya, sai dai gajeren bidiyo yakan fi shi sauƙin nauyi.

WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yana aikin JPEG da na PNG duka, kuma kamfanin ya ce yana rage nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari idan aka gwada da JPEG. Sitikar WhatsApp da kuke tura wa juna da shi ake yin ta. Matsalarsa ita ce wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗe shi.

A taƙaice: hoton kyamara, JPEG, zane da rubutu, PNG, WebP kuma sai an gwada shi a kan tsohuwar waya an ga ya buɗe. Kowane hoto a rubuta masa bayani na layi ɗaya a ƙasa, domin wanda hoton ya ƙi sauka a wayarsa.

Da me za a koyar?

Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, kyauta ne kuma jami'o'i da dama na amfani da shi, amma yana buƙatar wanda zai kafa shi ya riƙa kula da shi. Google Classroom, na 2014, ya fi sauƙi, sai dai kowane ɗalibi sai ya mallaki adireshin imel. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Akwai kuma Kolibri, wanda aka ƙera shi musamman don ya yi aiki ba tare da intanet ba.

A ganinmu, WhatsApp ne mafarin da ya fi dacewa da Kakangi, domin yana cikin wayoyin da ake da su. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, kuma malami zai iya fassara abu mai wuya da Hausa. Amma a kula: WhatsApp yana matse hoto da kansa, don haka shafin rubutu gara a tura shi a matsayin takardar PDF. A rufe zauren ta yadda malami kaɗai ke tura saƙo lokacin darasi, a buɗe shi lokacin tambaya.

Abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa sabis na iya ɗaukewa na tsawon watanni. Don haka duk darasi ya zama wanda za a iya saukewa a ajiye. Mutum ɗaya ya sauke a cikin garin Birnin Gwari, ya raba wa goma ta Xender ko katin memori, ba tare da kobo na data ba.

Aikin wannan mako

Ku haɗu ku uku. Ku zaɓi maudu'i ɗaya daga littafinku na kimiyya, ku zana shi da baƙin biro a farar takarda, ku ɗauki hotonsa a cikin hasken rana, ku rage girmansa, ku haɗa da saƙon murya na minti biyu da tambayoyi biyar. Ku nuna wa malaminku ya gyara, sannan ku tura wa wani abokin karatu da ya daɗe bai samu zuwa aji ba.